Ranar da "bakwai" ta ƙi fita

Dubu bakwai muka tsayar da kwandon tumatir a wannan safiyar. Watan Fabrairu ne na 2019, lokacin da kayan Kadawa da Kura ke kwararowa Legas tirela bayan tirela, kasuwar Mile 12 ta cika ta batse har ba wajen taka ƙafa. Kawu ya tafi wajen wata motar da ta iso da daddare, ya bar ni a kan kwanduna arba'in. Sai ga wata Iya da muka saba da ita, Bayarabiya ce amma a Sabon Garin Kano ta tashi, Hausa a bakinta kamar Bakanuwa. Ta ɗaga ganyen da aka rufe kwando, ta latsa biyu-uku, ta ce, "Ɗan Alhaji, nawa yau?"

Na buɗe baki zan ce bakwai. Leɓɓana suka haɗu suka manne. Wanda bai taɓa yi ba zai ɗauka mantuwa ce, alhali kalmar tana nan, ina ganinta, ina jin nauyinta a bayan haƙora, ƙofar ce kawai ta ƙi buɗuwa. Iska ta tsaya mini a ƙirji, jijiyar wuya ta miƙe, na ji ƙafata ta dama ta fara dukan ƙasa. Iya tana kallona, yaranta biyu suna kallona, ɗan dako ya tsaya da gammo a hannu. Sai na yi abin da na shekara ashirin da wani abu ina yi, na saki kalmar da ta maƙale na cafki wadda ke kusa. "Shida," na ce. Ta fita sumul.

Ba ta ko taya ba. Ta kwashe arba'in ɗin duka.

Da Kawu ya dawo ya ƙirga kuɗi, ya ga dubu arba'in babu, bai yi faɗa ba, kuma da ya yi faɗan da ya fi mini sauƙi. Ya tambaye ni ko an yi mini wayo ne. Na ce a'a. Ko na ci bashi ne ina son in biya a ɓoye. Na ce a'a. Ya ce to me ya faru? Na kwashe kusan minti guda kafin in iya gaya masa cewa bakwai ce ta ƙi fita. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Da ka ɗaga mata yatsu mana." Wallahi ko a raina dabarar ba ta zo ba. Tsoron kada a ga ina in'ina ya rufe mini ido har na manta ina da yatsu.

A wani ƙauye kusa da Kura aka haife ni, kuma Inna ta ce ina ɗan shekara uku abin ya fara. An kai ni wajen wanzami ya duba ƙarƙashin harshe ko linzami ne, ya ce ba shi ba ne, Allah ya saka masa da bai yanka ba. Na sha rubutu ba adadi. Abin da ya fi rikita mutanen gidanmu shi ne idan muna karatu tare a makarantar allo, ko ina rera waƙar Islamiyya, ko gargada babu. Da an ce in tashi in faɗi sunana, wanda da harafin "ba" ya fara, sai a ga yaro ya ƙame. Wani malaminmu ya yanke hukuncin cewa iskanci ne, da gangan nake, ya kuma bi hukuncin da dorina. Sai da na girma na san kusan duk mai in'ina haka yake, waƙa da karatun haɗa baki suna sakin harshe, magana ta kai da kai ce ke kama shi.

Kafin in kai shekara goma sha biyar na zama gwanin kauce-kauce. Kowace kalma mai wuya ina da 'yar'uwarta a aljihu. Ba na cewa kuɗi, sai in ce 'yan canji. Ba na cewa gobe, sai in ce wayewar gari, ko in kauce gaba ɗaya. Idan aka aike ni sayen barkono sai in nuna da hannu. Mutane suna cewa yaron nan akwai kunya, akwai kawaici, ni ma na karɓi sunan na rataya, domin ya fi "mai in'ina" daɗin ji. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, da wannan karin maganar na rayu.

A ƙauye hakan na tafiya, kowa ya san ka, kafin ka buɗe baki an san abin da kake so. Legas kuwa ba ta da wannan haƙurin. Na zo a 2014, Kawu ya sama mini ɗaki a Agege, cikin 'yan'uwa Hausawa. Abu na farko da ya fara ba ni kashi shi ne danfo, ƙananan motocin hayar Legas. Kwandasta zai kira sunan tasha, mai sauka ya amsa da Yarabanci, "O wa!" In ba ka amsa ba mota ba ta tsayawa. Idan na taso daga Oshodi, tun daga Ikeja Along nake fara addu'ar Allah ya sa akwai mai sauka a Mangoro in bi bayansa. Ranar da babu, sai in ji an kira Mangoro, maƙogwarona ya rufe, mota ta wuce Cement, wani lokacin sai Dopemu, in sauko in dawo da ƙafa cikin dare. Daga baya na koyi buga rufin mota da tafin hannu. Kwandastoci sun zage ni da harsuna uku a kan wannan.

Waya kuma ba a magana. Sana'armu rabinta a waya take, direba ya kira daga Mokwa ko Jebba ya ce taya ta fashe, manomi ya kira daga gida yana tambayar yadda kasuwa ta tashi. Idan na ɗauka na maƙale a kan sallama, sai in ji ana "Alo? Alo? Sabis ne," a kashe. Ni kuma sai in bar shi a kan sabis ɗin.

Maganar dubu arba'in ta zaga rumfarmu. Wani abokina mai shago a Idi-Araba, wanda ke mu'amala da ma'aikatan asibiti, shi ya ce mini akwai masu aikin gyaran magana, karatunsa suka yi, kuma ba mahaukata ko kurame kaɗai suke gani ba kamar yadda na zata. Ba su da yawa, sai da ya yi cigiya kafin ya samo mini lambar wata a wajen Ikeja. Wata biyar lambar na cikin wayata. Dalilin a fili yake, sai an kira. A ƙarshe matata ce ta gaji, ta ɗauki wayar ta rubuta mata saƙo a WhatsApp da sunana.

Zaman farko ban ji daɗinsa ba ko kaɗan. Na je da tunanin za a duba maƙogwaro a rubuta magani. Sai ta kafa waya a kan tebur ta ce in ba ta labarin aikina, tana ɗauka. Da Turancin kasuwa muka yi, domin ba ta jin Hausa, ta kuma sa na yi minti biyar da Hausa ina waya da matata. Sannan ta juyo da wayar ta ce in kalla. Ban taɓa ganin kaina ina in'ina ba sai ranar. Ido a runtse, haɓa na rawa, kai na karkacewa hagu, kafaɗa na tsalle saboda ƙafar da nake bugawa a ƙarƙashin tebur. Na ce ta kashe. Ta ce a'a, mu ƙarasa, ai wannan mutumin kowa a Mile 12 ya san shi, ni kaɗai ne ban taɓa haɗuwa da shi ba.

Ta rarrabe mini abin kashi uku. Akwai maimaitawa, ba-ba-ba. Akwai ja, kamar sssssabulu. Akwai toshewa, inda sauti ba ya fita sam, kuma nawa mafi yawa wannan ne. Runtse ido da buga ƙafa kuwa, ta ce ba in'inar ba ce, dabaru ne da na ƙirƙira ina yaro, wata rana na buga ƙafa kalma ta fita, jiki ya riƙe, har ya zama ba ya aiki amma ya ƙi tafiya. Ta tambaye ni ko akwai mai yi a danginmu. Na ce kakana na wajen uwa, mahaifin Kawu. Ta gyaɗa kai, ta ce abin yana bin jini, a 2010 masu bincike a Amurka sun gano wasu ƙwayoyin gado da ke da hannu a ciki ta hanyar nazarin iyalai a Pakistan, daga baya kuma aka yi irin wannan nazarin a kan wani babban gida a Kamaru. Wajen mutum ɗaya cikin ɗari na manya yana yi, a kowace ƙasa da kowane harshe, maza sun ninka mata kusan sau huɗu. Yara kuwa kusan biyar cikin ɗari kan yi na wani lokaci, mafi yawansu ya bar su da kansa. Ba tsoro ne ya jawo shi ba, ba faɗuwa daga goyo ba, ba kuma laifin Inna ba. Yadda ƙwaƙwalwa ke tsara lokacin motsin magana ne ya ɗan bambanta. Tsoron daga baya yake zuwa ya hau kai.

Sai na yi tambayar da ta kawo ni, wata nawa zan warke. Ta ce ba za ta yi mini ƙarya ba, wanda ya kai shekaruna da shi da wuya ya rabu da shi kwata-kwata, kuma duk wanda ya ce yana da ƙwaya ko jiƙon da ke cire shi cikin sati biyu kuɗina yake so. Abin da za ta iya shi ne ta koya mini in yi magana ba tare da kokawa ba, in kuma faɗi abin da na yi niyya, ba abin da ya fi sauƙin fita ba. Na fito raina a ɓace. Kuɗin zama ɗaya ya kusa ribar kwana uku, ga shi an ce ba a warkewa. Sati biyu ban koma ba.

Abin da ya mayar da ni zane ne da ta yi mini a takarda kafin in fita, na ƙanƙarar da ke yawo a teku, wadda ɗan kanta ne kawai a sama, gangar jikin na ƙarƙashin ruwa. Ta ce wani masani Ba'amurke mai suna Joseph Sheehan, shi ma mai in'ina, shi ya kawo misalin. Ni ban taɓa ganin ƙanƙarar teku ba, amma na san rogo. Abin da mutane ke ji a bakina ganyen ne. Saiwar ita ce kiran da ban ɗauka ba, Dopemu da ƙafa, taron ƙungiya da nake zama a baya, gaisuwar surukai da nake turawa matata ta yi a madadina. Na kwana ina lissafa su, na ga dubu arba'in ce mafi arha a ciki.

Aikin da ta fara ba ni na ɗauka wasa take. Wai in je Computer Village in tambayi mutum goma farashin waya, in yi in'ina da gangan, ina kallon idonsu, in rubuta abin da kowa ya yi. Ni da na ƙare rayuwata ina ɓoyewa, yanzu a ce in fito da shi da hannuna a tsakiyar Ikeja. Na zaga kasuwar sau biyu ban tsaya ba. Na farkon da na tsaya wajensa, na ce "na-na-nawa" gumi na tsiyaya, ko ɗagowa bai yi ba, ya faɗi kuɗi ya ci gaba da danna wayarsa. Cikin goman, bakwai ba su nuna sun ji komai ba. Ɗaya ya ƙarasa mini kalmar. Ɗaya ya yi dariya ya kira maƙwabcinsa, na ji kamar ƙasa ta tsage, amma na tsaya na ƙarasa tambayata, kuma ban mutu ba. Na ƙarshen, wani Inyamiri, ya ce in kwantar da hankalina, yayansa ma haka yake. Rashin haƙurin Legas da nake kuka da shi ashe yana da wani amfani, kowa ta kansa yake yi, ba mai lokacin riƙe in'inar wani a ransa.

In'inar ganganci tana da wani sirri da sai ka yi za ka gane. Wadda ke zuwa da kanta ita ke riƙe da kai. Wadda ka yi da niyya kai ke riƙe da ita, ka san inda za ka fara da inda za ka tsaya. Sannu a hankali jiki ya fara gane cewa ana iya tsayawa a cikin kalma ba tare da gobara ta tashi ba.

Sai da muka yi wata guda a kan wannan kafin ta fara koya mini dabarun baki. Tsarin na wani Charles Van Riper ne, malamin jami'a a Michigan wanda shi ma ya sha fama da abin, kuma daga baya yake farawa ya dawo gaba. Da farko, idan ka maƙale, ka ƙarasa kalmar ko ta halin ƙaƙa, ka yi shiru na ɗan lokaci, ka sake faɗinta a hankali. Wannan ya fi kowanne ciwo, domin kana gama shan wuya sai ka koma inda ka sha ta, a gaban mutum. Idan wannan ya zauna, sai ka koyi gyarawa a tsakiya, kana cikin toshewar ka lura da inda ka matse, leɓe ne ko harshe ko maƙogwaro, ka sassauta shi kaɗan-kaɗan har sautin ya zame ya fita. Daga ƙarshe, idan ka hango kalmar tana tahowa, ka shige ta da sassauci tun daga farko.

Sassaucin nan na kasa gane shi sai da ta tambaye ni yadda nake ɗaukar tumatirin da ya nuna sosai. Na nuna mata, da kan yatsu, ba matsi. Ta ce to haka leɓɓana za su taɓa juna a kan "ba", su taɓa kawai, kada su danna. Na koma gida na zauna gaban madubin matata ina cewa bakwai, biyu, biyar, barkono, buhu. Ɗiyata tana leƙowa tana dariya, wai Baba yana karatun 'yan aji ɗaya.

Inda muka yi ta fama shi ne Hausar kanta. Duk darussanta a kan Turanci aka gina su, Yarabancinta kuma ba shi da wasu haruffanmu. Ta ce kada in rufe maƙogwaro a farkon kalma. Na ce to yaya zan ce ƙasa, ko tsada? Ai ƙ da ts ba sa fita sai an rufe maƙogwaron, ɓ da ɗ ma da ɗan matsinsu. Hatta kalmomin da muke rubutawa da wasali a farko, irin su albasa da attaruhu, da 'yar hamza suke farawa a baki, kuma a nan nake yawan toshewa. Ta sa na yi ta maimaita mata ƙ tana taɓa wuyanta tana gwadawa, ranar ni ne malami. Muka daidaita a kan cewa rufewar ta zama gajera, kamar ƙiftawar ido, in kuma saki 'yar iska kafin albasa, kamar zan ce "halbasa" amma ba mai ji sai ni. Sai matsala ta biyu. Ta ce in riƙa jan wasalin farko. A Turanci ba komai, a Hausa kuwa ja yana sauya magana. Na gaya wa wani direba zan shiga gari, na ja shi yadda aka koya mini, ya ce garin masara ko na rogo? Dole na koyi rage gudun jimlar gaba ɗaya maimakon jan harafi guda. Jerin kalmomin da nake atisaye da su ni na rubuta abina, daga bakin kasuwa, a bayan littafin bashi.

Kullum bayan Asuba, kafin in fita, minti ashirin. In karanta labari ɗaya daga Aminiya da ƙarfi, in ɗauki muryata, in saurara. Da dare in ba kaina maki daga 0 zuwa 8 a kan yadda ranar ta kasance. Muka jera wuraren magana kamar matakala, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Ɗiyata a ƙasa, sai matata, sai 'yan dako, sai masu saye, sai waya, sai Kawu, sai surukina, can ƙololuwa kuma taron ƙungiyar 'yan kasuwa. Ba a tsallake mataki. Saƙon murya na WhatsApp ya taimake ni ƙwarai, da sharaɗi ɗaya da ta kafa, ba gogewa a sake. Yadda ya fita haka zai tafi.

Muna cikin haka korona ta zo, aka rufe Legas a ƙarshen Maris na 2020. Kasuwannin abinci ba a rufe su gaba ɗaya ba, amma zuwa Ikeja ya gagara, muka koma zama ta bidiyo. Takunkumin fuska ya zo mini da wata jarrabawa, domin yana ɓoye bakin da ke rawa, sai na ji daɗinsa fiye da kima. Da na gaya mata, ta ce in lura, duk abin da ya ba ni wurin ɓuya zai karɓi kuɗinsa daga baya.

Ta sha ba ni labarin manyan da suka yi fama da shi, Sarkin Ingila George na shida da ya hau mulki a 1936, da Joe Biden wanda ya ci zaɓen Amurka a 2020. Gaskiya waɗannan ba su taɓa ni sosai ba. Sarki ba ya da kwando arba'in da za su ruɓe kafin Azahar. Abin da ya taɓa ni a Agege na ji shi, wajen tafsirin azumi. Malam ya zo kan addu'ar Annabi Musa a Suratu Ɗaha, wadda aka sha rubuta mini ina sha tun ina yaro, "wahlul uƙdatan min lisani, yafƙahu ƙauli." Ya ce ku lura, ƙulli ɗaya ya roƙa a kwance masa, gwargwadon yadda za a fahimci maganarsa, kuma malaman tafsiri irin su Ibn Kasir sun ce bai roƙi a cire duka ba. Shi ya sa har Fir'auna ya samu abin gori a Suratuz Zukhruf, yana cewa wannan da ko bayani da ƙyar yake yi. Kuma da wannan harshen aka aike shi fadar. Na shekara talatin ina karanta ayar da nufin a wayi gari babu komai. Daga ranar na koma karanta ta da ma'anar da ke cikinta.

Akwai maganar da ake yi cewa mai in'ina akwai zuciya. Ni dai ban yarda halitta ba ce. A tsare mutum a bakin ƙofa sau hamsin a rana, ana ƙarasa masa magana ba daidai ba, ana ce masa "nutsu mana, ja numfashi," a ga ko waye ba zai hasala ba. Wannan "nutsu" ɗin, don Allah a daina. Ba rashin nutsuwa ba ne, kuma ba abin da yake ƙarawa sai matsi.

Mataki mafi wuya ashe ba taron ƙungiya ba ne. A taron, a ƙarshen 2021, na miƙe na ce, "Jama'a ina da in'ina, ku ɗan ba ni lokaci," wani daga baya ya ce ai mun sani, aka yi dariya, ni ma na yi, na faɗi maganata a kan kuɗin sauke kaya na zauna. Kawu ne mai wuyar. Shi ya taso yana ƙarasa wa mahaifinsa magana a gaban baƙi, a wajensa hidima ce da ladabi, kuma da ƙauna yake yi mini. Ta yaya ɗa zai ce wa kawunsa ya yi shiru? Na ɗauki makonni ina juya abin. Wata rana bayan La'asar, kasuwa ta lafa, na durƙusa kusa da shi na ce, "Kawu, alfarma nake nema. Idan na maƙale, a bar ni in fito da kaina, ko da zai ɗauki lokaci." Ya ce, "To ni me zan yi in kana wannan fama? In zuba maka ido?" Na ce eh. Ya ce ba zai iya ba, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Sai ya ciro carbinsa ya ce zai riƙa ja har in gama.

Kada wani ya ɗauka daga nan komai ya miƙe. Farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, takardar naira ta ɓace, kasuwa ta koma tiransifa. Tumatir ba ya jiran sabis ɗin banki. Ga rashin barci, ga rigima da masu saye a kan kuɗin da aka ce an tura bai shigo ba, ga direbobi na neman tsaba. Sannan ga lambar asusu, lamba goma, a faɗa da ƙarfi cikin hayaniya sau talatin a rana, kuma lamba ba ta da 'yar'uwar da za a musanya ta da ita. Tawa tana da biyu har sau uku, da biyar, da bakwai. Cikin sati biyu na koma kamar ban taɓa zuwa ko'ina ba, har ƙafar ta dawo da bugunta. Makina na dare ya tashi daga 2 ya koma 7.

Na kira mai gyaran maganar, da bakina wannan karon. Ta ce dawowa irin wannan kusan kowa na yi, ba rushewa ba ce, in koma matakin ƙasa in sake hawa. Na rubuta lambar asusun da babban baƙi a jikin kwali na rataye a rumfa. Ta ce wannan ɓuya ce. Na ce a'a, wannan hankali ne, masu lafiyar baki ma sun rataye nasu. Muka yi ja-in-ja, muka rabu a kan kwali ya zauna, amma mutum uku na farko kowace safiya da baki zan karanta musu. Har yau ina ganin ni ke da gaskiya a wannan. Sai da aka yi wata biyu kafin in dawo inda nake.

Yanzu ina ɗaukar kowane kira. Ina cewa "O wa" a Mangoro, wani lokacin sai mota ta ɗan gota kafin ta fita, in taka kaɗan. Ina in'ina kullum, a rana mai kyau wanda bai san ni ba ba zai lura ba, a rana marar kyau kowa zai lura. Iyar nan har yanzu tana saye a wajenmu, kuma na taɓa ba ta labarin shida da bakwai, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ita ta ɗauka sabon ciniki nake nema. Dubu arba'in ɗin dai ba ta dawo da su ba.

Shekaranjiya wata mota ta kwana a Ogbomosho, na zo ina yi wa Kawu bayani, sai na toshe a kan "birki". Na ji leɓɓan sun danne, na tsaya a ciki, na sassauta, ta zame ta fita. Na ƙarasa bayanin, muka yi lissafin abin da zai lalace in motar ba ta iso kafin dare ba. Har na juya zan tafi ya kira ni, ya ɗaga carbin yana nuna mini inda babban yatsansa ya tsaya.

"Uku," ya ce. "Da can sai in kai sha biyar. Kana rage mini lada, ɗan nan."